Juyin Littafi a Zamanin Na'ura: Darasin Tambutu

A ƙarshen watan Janairu na shekarar 2013, sa'ad da mayaƙan da suka riƙe birnin Tambutu kusan wata goma suka ji sojojin Faransa da na Mali sun ƙarato, kafin su fice sai suka shiga sabon ginin Cibiyar Ahmad Baba, wanda gwamnatin Afirka ta Kudu ta gina aka buɗe a 2009, suka tara abin da hannunsu ya kai gare shi na littattafan rubutun hannu suka cinna masa wuta; da ƙura ta lafa aka zo lissafi, sai aka tarar littafi 4,203 ne babu su, waɗansu sun zama toka, waɗansu kuwa an yi awon gaba da su. A ranar labari ya game duniya cewa taskar ilmin Tambutu ta ƙone ƙurmus, ma'abota ilmi gabas da yamma suka yi ta salati da juyayi, sai bayan 'yan kwanaki gaskiya ta bayyana, cewa tun watanni kafin wannan rana masu gadon littattafan, bisa jagorancin Abdulƙadir Haidara, mai kula da ɗakin karatu na Mamma Haidara, sun yi ta fitar da su a asirce cikin akwatunan ƙarfe, waɗansu a mota, waɗansu a kwalekwale ta kogi, har aka tara abin da aka ƙiyasta ya haura 300,000 a birnin Bamako. Waɗansu gidaje kuma ba su yarda nasu su bar gari ba, suka ɓoye su inda Allah kaɗai ya sani, kamar yadda kakanninsu suka yi zamanin da Turawan Faransa suka ci ƙasar.

Tsira daga wuta bai kawo ƙarshen wahala ba, gama takardar da ta yi ɗaruruwan shekaru cikin busasshiyar iskar bakin Sahara, da aka kai ta Bamako, garin ruwan sama da laima, aka bar ta cushe cikin akwati, sai fumfuna ta fara neman ta ƙarasa abin da wuta ba ta samu ba. Daga nan aka shiga aiki iri biyu a lokaci ɗaya. Na fari shi ne tsabtace kowane littafi da ɗinka masa kwali nasa na musamman, wanda Jami'ar Hambag ta Jamus ta taimaka a kai. Na biyu kuwa shi ne ɗaukar hoton kowace warƙa, fuska da baya, a zuba cikin kwamfuta, wanda ƙungiyar masu ɗakunan karatun Tambutu, wato SAVAMA, ta yi tare da wani ɗakin karatu na limaman Kirista da ke jihar Minasota ta Amurka, wanda ake taƙaita sunansa da HMML, wanda tun 1965 sana'arsa ke nan, ɗaukar hoton tsofaffin littattafan da ake tsoron salwantarsu. Matasan Mali maza da mata aka koya wa aikin, su suka yi shekaru suna buɗe warƙa, suna ɗauka, suna rufewa. A watan Maris na 2022 kamfanin Google ya ɗora shafi fiye da 40,000 daga cikinsu a intanet, yadda duk mai wayar hannu, ko yana Damagaram ko yana Kumasi, zai iya ganin rubutun da a dā sai an yi tafiyar wata da watanni kafin a gan shi.

Ra'ayina game da wannan aiki shi ne, ya kusa shiga babin farillar kifaya a kan kowace al'umma da Allah ya ba ta gadon rubutu, kuma duk wanda ya ga yadda aka ƙone Cibiyar Nazarin Gabas ta birnin Sarayebo a 1992, littattafan hannu fiye da 5,000 na Larabci da Turkanci da Farisanci suka tafi a wuta guda, har malamai suka koma bin duniya suna roƙon duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton wani shafi ya aiko, ko ya ji abin da yaƙin Sudan ya yi wa gidajen tarihi da ɗakunan karatun Hartum da Ummudurman tun daga 2023, ba zai yi jayayya da wannan ba. Amma fa ɗaukar hoton littafi juyi ne, irin juyin da malamanmu suka gada suna yi da alƙalami da tawada, kuma juyi yana da sharuɗɗa da ladubba waɗanda magabata suka sani sarai suka kuma kiyaye. Abin da nake tsoro shi ne mu karɓi na'urar da murna, mu watsar da sharuɗɗan, sa'an nan mu wayi gari da miliyoyin hotuna waɗanda ba a san asalinsu ba, babu mai karanta su, ba mu da iko a kansu, alhali littattafan da aka ɗauko su daga gare su gara ta cinye.

Kada mai karatu ya ce ina ruwanmu da Tambutu. Kakan Ahmad Baba kansa, malamin da aka sa wa cibiyar nan sunansa, wato Ahmad ɗan Umar ɗan Muhammad Aƙit, da ya komo daga aikin hajji a ƙarshen ƙarni na 15, ya zauna Kano yana karantarwa. Muhammad al-Tazakhti, wanda ya yi karatu wurin Shaihu Magili, a Katsina ya yada zango, aka ba shi alƙalanci, a can ya rasu. Littattafan da ake karantawa a masallacin Sankore, su Risala da Mukhtasar da Muwaɗɗa da Ashafa, su ne ake karantawa a zaurukan Madabo da na Zariya da na Gazargamu. Akwai ma hujjar da ta fi wannan kusa da maganarmu. Lokacin da sojojin Maroko suka ci daular Songai a 1591, bayan shekara biyu suka kama Ahmad Baba da danginsa, aka tafi da su Marrakish, aka wawashe littattafansa, waɗanda shi da kansa ya ce sun kai 1,600, ya kuma ce shi ne mafi ƙarancin littattafai a cikin dangin. Tambutu ta sha irin wannan wawaso ba sau ɗaya ba. Amma da Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zo ƙasar nan, a Gwandu ya sami Tarikhus Sudan na Abdurrahman Sa'adi a 1853, ya zauna kwanaki yana tsakuro abin da zai iya daga ciki, ta wannan hanya kuwa Turai ta fara sanin tarihin Songai dalla-dalla. Wato wani malami da ba mu san sunansa ba ya ɗauki wahalar juya littafin, juyin ya ƙetare ƙasashe ya sauka Gwandu, aka adana shi. Da yawaita juyi da warwatsa shi cikin garuruwa ne ilmin wannan yanki ya tsira, tun ba a yi mafarkin na'ura ba.

To, mene ne sharuɗɗan? Mai juyi na kirki idan ya kai ƙarshen littafi yakan rubuta sunansa da sunan wanda ya juya dominsa, ya ambaci ranar da ya gama, ya roƙi gafara ga kansa da mahaifansa da malamansa. Ko da yake dai, a faɗi gaskiya, da yawa daga masu juyin ƙasarmu sukan ce sun gama ran Alhamis bayan la'asar, su bar shekarar, abin da har yau yake wahalar da masu bincike. Bayan ya gama sai a yi muƙabala, wani ya riƙe asali yana karantawa, wani ya riƙe juyi yana bi, inda aka sami tsallake a rubuta a hashiya a sa alamar gyara. Idan kuwa ya iske wurin da asu ya cinye ko ruwa ya wanke, mai tsoron Allah ba ya cike gurbin da abin da ya zata, yakan bar wurin fari, ya nuna cewa haka ya tarar. Sa'an nan littafin ba ya tafiya shi kaɗai, yana tafe da malamin da ya karanta shi wurin wani malami, da ijaza da salsala har zuwa mawallafi. Kowane ɗaya daga waɗannan yana da takwaransa a aikin na'ura, kuma ma'aikatan da suka san abin da suke yi suna kiyaye su: a rubuta gidan da littafin yake, da garin, da adadin warƙoƙinsa, da tsawonsa da faɗinsa, da wanda ya ɗauka da ranar da ya ɗauka, a ajiye ma'auni da allon launuka a gefen shafi domin a san girmansa da ainihin kalar tawadarsa, a ɗauki bango da gafaka da fararen shafuka da 'yan guntayen takardun da aka soke a tsakani, gama sau da yawa a nan ne mai littafin yake rubuta ranar haihuwar ɗansa, ko bashin da ake binsa, ko shekarar da aka yi fāri.

Akwai wata mas'ala da ta keɓanci littattafanmu, wadda na ga ba a cika kula da ita ba. Galibin littattafan ƙasar Hausa da Barno da Tambutu ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne sake a tsakanin bango biyu, a ɗaure da tsirkiya a sa cikin gafaka, abin da ke riƙe da jerinsu kuwa shi ne kalmar nan guda da mai juyi yake rubutawa a ƙasan shafi, wadda da ita shafi na gaba zai fara. Littafin da ya bi hannun magada uku ko huɗu, aka raba shi a gado, aka ara wa almajirai, yara suka zubar aka tattara, da wuya a same shi a jere. Sau da yawa ma gafaka ɗaya takan ƙunshi rabin littafin fiƙihu, da sulusin waƙar wa'azi, da wasiƙu, da laƙani, duk a cakuɗe. Idan mai ɗaukar hoton bai iya karatu ba, zai ɗauka yadda ya tarar, ya sa musu lamba ɗaya, biyu, uku, ya ba su suna ɗaya, daga ranar kuwa ruɗanin ya sami hatimi, ya shiga duniya a matsayin littafi. Mun riga mun fara ganin irin ɓarnar da hoto marar isnadi yake yi, yadda shafi guda zai yi ta yawo a WhatsApp da Facebook an jingina shi ga Shehu Usmanu ko Nana Asma'u, babu mai iya cewa daga gidan wa ya fito, balle a koma a duba.

Sa'an nan akwai abin da hoto ba ya ɗauka ko an kiyaye dukan sharuɗɗa. Mafi yawan takardar da aka yi rubutu a kanta a ƙasashen nan a ƙarni na 19 daga Italiya ta zo, ta hanyar Tarabulus da Masar, a bayan raƙuma, kuma tana ɗauke da tambari a cikin jikinta, galibi jinjirin wata uku a jere, wanda ba a ganinsa sai an ɗaga warƙar an saita ta da haske. Da wannan tambari, da haruffan sunan masana'anta irin ta gidan Galbani, masana suke gane zamanin da aka juya littafin da mai juyinsa bai rubuta shekara ba. Tawada ma shaida ce, gama ta gawayi da ƙaro daban take da ta bagaruwa da ƙarfe, wadda idan ta tsufa takan ci takarda har harafi ya zama huda. A 2015 Jami'ar Bamingam ta Ingila ta sanar da cewa an auna fatar waɗansu warƙoƙi biyu na Alƙur'ani da ke ajiye wurinta, awon ya nuna dabbar da aka yi fatar da ita ta rayu tsakanin shekarar 568 da 645. Da a ce hoto kaɗai aka ajiye aka yar da asalin, wannan ilmi da ya tafi har abada. Kowane zamani yana zuwa da tambayar da na baya bai san zai yi ba, asalin ne kuwa kaɗai yake iya amsa ta. Saboda haka babbar musiba ita ce a ɗauki hoto a tafi, a bar mai littafi da tunanin cewa an gama, ya mayar da gafakarsa ƙarƙashin gado, a ɗakin da yake yoyo, ko ya ga tun da yake an kwafa ai babu laifi ya sayar wa dillali.

Mutane da yawa sun ɗauka abin da ya shiga kwamfuta ya shiga ke nan, ba ya tsufa, ba ya mutuwa. Wannan kuskure ne mai girma, Turawa da kansu sun ɗanɗana. A 1986 gidan BBC ya tattara bayanin ƙasar Birtaniya, hotuna da taswira da rubutun 'yan makaranta, ya zuba a waɗansu fayafayai na zamani domin tunawa da cika shekara 900 na wani kundin ƙidayar ƙasa da aka rubuta a kan fata a 1086. Ba a yi shekara ashirin ba sai da na'urar karanta fayafayan ta kusa ɓacewa daga duniya, har aka kafa aiki na musamman domin ceto abin da ke ciki, alhali kundin fatar yana nan ana buɗe shi ana karantawa. A watan Oktoba na 2023 ɓarayin intanet suka kutsa rumbun Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda ba kuɗi ya rasa ba, ba ƙwararru ba, aka yi watanni ba a iya duba fihirisarsa ko hotunan littattafansa. Mu ma muna da namu darasin a gida. Tun a shekarun 1960 Abdullahi Smith da Murray Last da abokan aikinsu a Zariya, da John Hunwick a Ibadan, suka bi gidajen malamai suna aron littattafai suna ɗauka a kan siririn fim, su mayar wa masu su. Aiki ne na alheri wanda a kansa aka gina rubutaccen tarihin daular Sakkwato na zamani, amma fim yana narkewa cikin zafi da laima, na'urar duba shi kuma idan ta lalace babu mai gyara. Hoton kwamfuta ya fi fim saurin mutuwa idan aka ƙyale shi. Rayuwarsa tana bukatar a ajiye shi a wurare da dama masu nisa da juna, a riƙa gwada su lokaci lokaci a ga ko wani ya sami tawaya, wadda ita ce muƙabalar wannan zamani, a kuma riƙa ƙaurar da shi daga tsohuwar na'ura zuwa sabuwa duk bayan 'yan shekaru. Wannan kuwa kuɗi ne da wutar lantarki da albashi marar yankewa, ba irin tallafin shekara biyu da wata gidauniyar waje za ta bayar a yi biki a watse ba. Shari'armu tana da ƙofar da aka tanada domin irin wannan bukata, wato waƙafi, kuma ban ga dalilin da zai sa attajirin da ya gina masallaci na goma a unguwa ɗaya ya kasa tsayar da kantuna biyu waɗanda hayarsu za ta riƙa ciyar da taskar littattafan garinsu ba.

Mafi nauyin al'amarin duka, a ganina, shi ne mai karatu. Hoto miliyan ba tare da fihirisa ba rumbu ne marar ƙofa. Ɗaukar shafi aikin daƙiƙa ne, amma gane cewa wannan warƙa marar farko marar ƙarshe daga Liya'ul Hukkami na Abdullahi ɗan Fodiyo ta fito, ko kuwa sharhin wani almajirinsa ne, aikin wanda ya ƙare ƙuruciyarsa gaban malami ne. A ƙarshen shekarun 1950 wani masani, Bivar, ya ɗauki hoton waɗansu tsofaffin Alƙur'anai na Barno, ɗaya daga cikinsu an kammala shi a 1669, tsakanin layukansu cike da fassara cikin tsohon harshen Kanembu. Hotunan suka yi fiye da shekara 40 suna jiran mai karanta su, har sai da wani masanin, Dmitry Bondarev, ya zauna da malaman Barno waɗanda har yanzu suke fassara da wannan harshe a majalisin tafsiri. Da waɗannan malamai sun ƙare kafin a zo gare su, da hotunan sun zama zane kawai. Haka al'amarin ajaminmu yake. Masu iya karanta hannun Kano da hannun Barno a guje, waɗanda suka san ƙa'idar Warshu da ɗigon imala, suka san inda marubucin Sakkwato yake saɓa wa na Katsina wajen rubuta harafin da Larabci ba shi da shi, alarammomi ne da gardawa da malaman zaure, mutanen da tsarin aikin gwamnati bai san da zamansu ba saboda ba su da takardar shaida. Ana ta maganar cewa ƙirƙirarriyar basira za ta karanta rubutun hannu, kuma la'alla ta yi. Sai dai ba ta koyo sai daga dubban shafukan da mutum ya riga ya karanta ya rubuta mata daidai, mutumin kuwa shi ne wannan alaramman. Aikin da Fallou Ngom da Mustapha Kurfi suka yi na tattara ajamin Hausa a taskar Jami'ar Boston ya nuna abin yana yiwuwa idan aka haɗa mai na'ura da mai allo.

Fihirisa kuma ita ce maganin ƙarin gishiri. An yi ta yayata cewa littattafan Tambutu cike suke da ilmin taurari da likitanci da lissafi, domin a burge masu ba da tallafi. Akwai su, amma kaɗan ne, galibin taskar Alƙur'ani ne da hadisi da fiƙihu da nahawu da madahu, da wasiƙu da fatawoyi da takardun ciniki, kuma a cikin lissafin ɗaruruwan dubban nan ana ƙirga wasiƙa mai warƙa ɗaya a matsayin littafi guda. Wannan bai rage musu daraja ba ko kaɗan. Takardar bashin gishiri da fatawar rabon gado suna gaya mana yadda mutane suka rayu fiye da yadda littafin falaki zai gaya mana.

Sai maganar mallaka, wadda take da ɗaci. A 1890 sojojin Faransa suka ci Segu suka kwashe littattafan gidan Alhaji Umaru Futi, wanda ya zauna Sakkwato ya auri 'yar Sarkin Musulmi Bello, aka kai su Faris, suna can har yau da talifan Shehu da na Bello a cikinsu. Littattafan Malam Umaru Falke, malami kuma falken Kano da ya rasu a 1962, fiye da 3,000, suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Idan waɗannan wurare suka ɗora hotuna a intanet mun gode, amma hoton bai zama fansar abin da aka ƙwace da bindiga ba. A ɗaya gefen kuma, shirin ceton takardu na Ɗakin Karatun Birtaniya, wanda aka fara a 2004, ya kuma yi aiki a Jenne da nan Nijeriya, ya kafa ƙa'ida mai kyau, cewa asali ba ya barin ƙasarsa, kuma lalle a bar kwafin hotunan a wata taska ta cikin ƙasar. Ƙasa da wannan bai kamata wani mai littafi ya yarda da shi ba. Ya kamata a ƙara da cewa ba kowace warƙa ce ta baje wa duniya ba. A cikin gafaka akwai asirai da hatimai waɗanda mai su bai ba ɗansa ba sai da sharaɗi, akwai takardun da suka ambaci wane bawan wane ne, alhali jikokinsu suna zaune unguwa ɗaya, akwai shaidar gona da har yanzu ake shari'a a kanta. A ɗauki hotonsu domin tsaro, amma buɗe su ga jama'a sai da iznin mai su, a rubuce, cikin harshen da yake ji.

Gine-gine ma haka hukuncinsu yake. Mayaƙan nan da suka riƙe Tambutu sun rushe hubbaren waliyyanta a 2012, abin da ya sa kotun duniya ta Heg ta yanke wa ɗaya daga cikinsu, Ahmad al-Faƙi al-Mahdi, ɗaurin shekara 9 a 2016. Ba zan shiga saɓanin malamai a kan gini bisa kabari ba, wannan yana da majalisinsa. Abin lura shi ne wanda ya sake tayar da guda 14 daga cikin hubbaren aka gama a 2015: maginan garin ne, waɗanda suka gaji sana'ar, suka haɗa tsofaffin hotuna da abin da dattawa suka tuna da abin da hannunsu ya sani. Masana daga Jami'ar Kef Tawun sun auna masallacin Jingarebar da na Jenne da na'urar haske, suka fitar da surarsu a kwamfuta yadda mutum zai zaga ciki yana zaune a ɗakinsa, kuma wannan abu ne mai amfani, kamar yadda awon da Dmochowski, maginin nan ɗan ƙasar Folan, ya yi wa masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya sa aka iya gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos. Amma ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa, surar kwamfuta kuwa kamannin yini ɗaya take riƙewa. Mutanen Jenne duk shekara suke fitowa ƙwansu da kwarkwatarsu su yaɓe masallacinsu, shi ya sa yake tsaye. Idan aka auna badalar Kano da hasumiyar Gobarau da ta Agadas, kuma ya kamata a auna su tun yau, to, a haɗa da ɗaukar magina suna aiki, yadda ake cuɗa ƙasa da makuba, yadda ake ɗaura azara a tayar da bakan gizo, a kuma ba su aikin da zai sa 'ya'yansu su zauna su koya. Wanda kuma zai zana ƙofar da ta rushe ko ya cike harafin da ya goge da taimakon na'ura, wajibi ne ya bambanta abin da ya gani da abin da ya zata, da launi ko da alama, kamar yadda mai juyi yake barin gurbi fari. In ba haka ba ya yi tahrifi, ko da niyyarsa gyara ce.

A watan Agusta na 2025 gwamnatin Mali ta fara mayar da littattafan Cibiyar Ahmad Baba da suka tsira gida Tambutu, bayan shekara 13 a Bamako. Mu namu ba su taɓa samun irin wannan kulawa ba, kuma abokin gābarsu ba ya zuwa da bindiga balle duniya ta ji: gara ce, da yoyon damina, da gobara, da rabon gado, da jikan da bai iya karanta hannun kakansa ba. Muna da wuraren da za a ɗora aikin a kansu, Gidan Arewa da Gidan Adana Takardun Tarihi a Kaduna, da Cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidan tarihi na Jos, da jami'o'in Kano da Zariya da Maiduguri, da cibiyar IRSH ta Yamai wadda Bubu Hama ya tara mata littattafai. Abin da ke cikinsu kuwa kaɗan ne a kan abin da ke gidajen mutane.

Don haka ina kira ga sarakunanmu, su da malamai suke jin maganarsu, su sa a bi unguwa unguwa a rubuta gidajen da ke da littattafai; ga gwamnoni da hukumomin Nijeriya da Nijar, su sa wannan aiki cikin kasafin kowace shekara, su ɗauki alarammomi aikin fihirisa da albashi na mutunci; ga attajirai, su tsayar masa da waƙafi. Kai kuma da ka gaji gafaka, Allah ya ba ka amana: ka ɗauke ta daga ƙasa, ka nisanta ta da bango mai laima, kada ka manna mata salatif, kada ka raba warƙoƙinta a gado, kada ka sayar. Idan masu na'ura suka zo ka karɓe su, su ɗauka a gabanka, da mai karatu a zaune, su rubuta sunan gidanku a kan kowane hoto, su bar maka kwafinka a hannu, sa'an nan su tafi su bar maka littafinka.